Hannu Ya Faɗa: Jikin Makaɗi Tsakanin Kalangu da Fiyano a Ƙasar Zazzau

A ƙarshen kakar shekarar 2022, lokacin da motocin rake suka fara cika kasuwar Maƙarfi, wani saurayi mai kimanin shekara 27 ya farka a tsakar dare ya tarar yatsu uku na hannunsa na dama ba sa ji: babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. Ya yarfa hannun, ya mummurza, ya tsoma shi cikin ruwan randa, har jin ya dawo da wani irin tsira kamar ana soka masa allurai. Da gari ya waye ya je wurin mai shayi, kofi ya suɓuce masa ya zube a ƙafarsa. Mutanen da ke kan benci suka yi dariya, suka ce barci ne bai sake shi ba. Shi ma ya taya su dariya. Amma ya san wannan ne dare na tara a jere, kuma da wannan hannun yake ci.

Sana'arsa kiɗan fiyano. Yana da wani ɗan shago da ya lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai, inda mawaƙan Maƙarfi da Gubuci da Tashar Yari ke zuwa ya ɗora musu kiɗa. Daga Juma'a zuwa Lahadi kuwa yakan ɗaure fiyanon a bayan babur ya nufi gidajen biki a Ikara ko Paki ko ƙauyukan Kudan. A wannan shekara aiki ya yi masa yawa fiye da kullum, domin bukukuwan kaka sun haɗu da yaƙin neman zaɓen 2023, kowane ɗan takara yana son waƙarsa ta riga ta abokin hamayya fita. Yakan zauna tun bayan isha'i har kiran assalatu, saboda man janareta da tsada, ba a tayar da shi don a huta. Ga bashin fiyanon bai gama biya ba, ga kuɗin makarantar ƙannensa biyu, ga shi an sa ranar aurensa bayan ƙaramar salla.

Kayan Kiɗa Marar Gida

Abin da Bahaushe ke kira fiyano a yau ya bambanta da babban akwatin katakon nan da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700. Wancan, a sigarsa ta yanzu, yana da madannai 88, kowanne yana harba 'yar guduma ta bugi tsarkiyar ƙarfe. Wanda ya bazu a ƙasar Hausa na lantarki ne, yawanci samfurin Yamaha PSR mai madannai 61, wanda situdiyoyin Kano suka rungume a shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinai irin na Sangaya suka sauya kunnen matasa. Daga Kano ya bi hanyar Zariya ya shiga garuruwa da ƙauyuka, ya samu gurbi a gidan biki da dandalin siyasa, da majami'un Hausawa Kirista na yankin Ikara.

Kowane kayan kiɗan Hausa na gargajiya yana da gida. Akwai gidan da ake gadon kalangu, haka kotso da taushi da algaita da kakaki. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma kan kuntuku ko ɗan karɓi, ya shafe shekaru yana amshi yana kallon bayan mahaifinsa kafin a rataya masa babban kalangu. Cikin waɗannan shekaru yana koyon kari da kunnensa, yana kuma kwasar tsayuwa da rataya da yadda ake taka ƙasa, ba tare da wani ya kira masa sunansu ba. Fiyano kuwa ya iso babu gida, babu sarkin kiɗa, babu wanda zai ce wa mai koyo ya gyara zamansa.

Saurayin da kunne ya koya. Ya fara da leƙen tagar wani shago, daga nan ya koma sauraron waƙoƙi a waya yana lalubo sautinsu ɗaya bayan ɗaya. Kunnensa ya yi kaifi, har mawaƙi kan rera baiti sau ɗaya ya kama masa kari. Jikinsa kuwa ya ɗauki duk siffar da wurin zama ya ba shi. Fiyanon yana kan dogon teburin tela, shi kuma yana kan gajeren bencin Islamiyya. Don yatsunsa su kai ga madannai, sai ya ɗage kafaɗu, ya jingina wuyan hannu a bakin fiyanon, ya lanƙwasa shi. Hannun hagu yana wuni a baje yana danne haɗin sauti, na dama yana gudu, kowane yatsa yana tashi sama shi kaɗai ya sauko da ƙarfi, ƙaramin yatsa a miƙe kamar ƙahon akuya. Madanni kimanin santimita ɗaya yake sauka ya tsaya. Duk ƙarfin da aka ƙara bayan ya kai ƙasa ba ya ƙara sauti ko ƙanƙani, cikin hannu yake komawa. Shekara takwas ya yi yana tara wannan ƙarfin a wuyan hannunsa.

Jijiya

Ya bi hanyoyin da kowa ke bi. Ya sayi maganin kashe zafi a kemis, ya shafa man zafi, wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa. Mahaifiyarsa ta ce ba za a rasa hannun abokan sana'a a ciki ba, ta samo masa tofi da rubutu, ya sha bai yi gardama ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya tafi wani asibiti a Zariya.

Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya ƙwanƙwasa masa cikin wuyan hannu da yatsa, sai wani abu kamar lantarki ya tsarga zuwa manuninsa. Ya sa shi ya haɗa bayan hannayensa biyu, yatsu suna kallon ƙasa, na tsawon minti ɗaya. Kafin mintin ya cika, yatsun nan uku sun fara mutuwa. Sai ya jawo takarda ya yi masa zane. Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, takwas daga ciki ƙanana ne da ke jere a wuyan hannu. Yawancin tsokar da ke lanƙwasa yatsu tana cikin sangalin hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu, kuma da dogayen igiyoyi take jan yatsun, kamar yadda mahayi ke jan linzami daga nesa. Tara daga cikin igiyoyin nan suna bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, tare da jijiyar da ke kai ji zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu. Idan wuyan hannu ya lanƙwashe, lungun yakan ƙara matsewa. Idan kuma aka daɗe ana gudu da yatsu a haka, igiyoyin su kumbura, jijiyar ji ce ke shan matsi.

Wannan bayani ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya kamata, kuma harshe ne ya jawo. Kalmar jijiya a bakin Bahaushe tana ɗauke da hanyar jini, da igiyar tsoka, da hanyar ji, duka a tare. Akwai kalmar agara, amma yawancin masu magana sun taƙaita ta ga ta bayan dunduniya da wadda ake cin karo da ita a nama. Dole ma'aikacin ya riƙa cewa jijiyar jini, jijiyar ja, jijiyar ji, yana nunawa a takarda, kafin saurayin ya gane cewa wata jijiya ce ke danne wata.

A ƙarshe ya ce masa ya ajiye kiɗa na mako shida, ya riƙa ɗaure wuyan hannun a miƙe idan zai kwanta, sa'an nan ya sauya yadda yake bugawa, in ba haka ba maganar za ta kai ga tiyata.

"To, yaya zan sauya, likita?"

"Wannan kuma, Malam, ba fannina ba ne. Ka nemi wanda ya san kiɗa."

A Zauren Kawu

Mahaifinsa manomin rake ne, amma mahaifiyarsa 'yar gidan makaɗa ce daga wani ƙauye kusa da Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan. Wanta yana nan da rai, ya haura shekara 70, kuma tun zamanin mulkin Gowon yake kaɗa wa mahauta kalangu ranar kasuwa. Tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa akwai ƙauna, akwai kuma tsohuwar tsiya a kan fiyano, wanda tsohon ke kira akwatin ƙarya, domin a cewarsa abu ɗaya ba zai zama kalangu ya zama algaita ya zama goge ba sai in maƙaryaci ne.

Saurayin bai je neman ilimi ba. Wani biki ya je a Kudan, wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin zuwa asibiti, hannun ya ƙi kai shi ƙarshe, kunya ta hana shi komawa Maƙarfi a daren. Ya kwana a zauren kawunsa, fiyanon a jingine da bango. Da safe, bayan an sha koko, tsohon ya ce ya buga masa ya gani.

"Kawu, ai babu wuta, kuma ban zo da batir ba."

"Buga haka nan, ɗan nan. Ba kunne zan sa ba."

Ya ɗora fiyanon a kan kifaffen turmi ya fara. Babu abin da ke tashi sai ƙwas-ƙwas ɗin roba. Tsohon ya zagaya bayansa ya tsaya, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ɗora tafinsa a kafaɗar yaron.

"Da wa kake faɗa?"

"Na'am, Kawu?"

"Kafaɗunka sun kai kunne. Haƙoranka a datse. Tun da ka fara ban ga ka ja numfashi ba. Ko ɗan kokawa yana numfashi."

Saurayin ya tsaya. Sai a lokacin ya ji muƙamuƙinsa na ciwo, ya ji yatsun ƙafarsa a dunƙule cikin takalmi. Shekara takwas yana haka bai taɓa sani ba, domin sauti ya kwashe masa hankali gaba ɗaya. Ranar da sautin ya ɗauke ne ya fara jin abin da ya rage.

Tsohon ya sauko da kalangunsa daga maratayi, ya miƙa masa gula ya ce ya riƙe. Ya kama bakinta ya ja, ta ƙi fitowa, yaron ya damƙe ta kamar wuƙar yanka. Ya karɓa ya riƙe da kansa, ya ce masa ya ja. Gula ta zare kamar daga cikin ruwa. Amma da ya rataya kalangun ya fara kiɗa, hannun nan da bai riƙe kome ba ya yi ta zuba sara, gula ba ta ko karkace ba.

"Ba a shaƙe ta," in ji shi. "Kai dai ka bar ta ta sauka. Fata ce ke dawo maka da ita."

Ya ce masa ya dafa damtsensa na dama yayin da yake kiɗa. Tsokar tana da laushi, motsin kuma yana tasowa daga allon kafaɗa, ya bi ta gwiwar hannu, ya ƙare a wuyan hannu wanda ke juyawa kaɗan kamar mai yarfe ruwa. Ya ce ya koma hagu, inda ake matse tsarkiya don muryar kalangu ta hau. Nan tsokar takan yi tauri, amma na ƙiftawar ido, da zarar sautin ya fita ta saki.

"Matsi gajere ne, saki shi ne mai tsawo. Wanda ya matse bai saki ba, ba zai kai azahar a kasuwa ba."

Da la'asar ya ja shi cikin gida, inda matarsa da wata jikarsu 'yar shekara goma sha biyu ke lugude. Ya ce masa ya duba kowacce daga ƙafa zuwa sama. Yarinyar ta miƙe gwiwoyi ƙam, tana ɗaga taɓarya da kafaɗa, tana bin ta da ƙarfi har cikin turmi, ba a jima ba ta fara haki tana sauya hannu. Tsohuwar ta ɗan sassauta gwiwoyi, tashin taɓarya yana farawa daga ƙugunta, in ta kai sama sai ta bar ta ta faɗo da nauyinta, yatsunta suna sakin riƙo daidai lokacin da take dira. Numfashinta yana fita tare da kowane dira. Tana daka tana ba da labarin wata maƙwabciya.

"Ka gani? Taɓarya ce ke daka. Mace ɗagawa take yi."

Abin da Turawa Suka Gano Bayan Asara

Tsohon bai san cewa maganarsa ta shiga tsakiyar wata muhawara da ta ɗauki malaman fiyano na Turai fiye da shekara ɗari ba. A ƙarni na 19 an horar da ɗalibai su tsayar da hannu cak, su ɗaga kowane yatsa shi kaɗai, har ana ƙera na'urorin ƙarfafa yatsu. Robert Schumann na Jamus ya lalata hannunsa na dama a farkon shekarun 1830, ya haƙura da burin zama gwanin dandali ya koma tsara kiɗa. A shekarar 1903 Tobias Matthay, malami a Landan, ya wallafa littafinsa The Act of Touch, inda ya mayar da hankali ga nauyin hannu da sakin tsoka da juyawar sangali. A shekarar 1929 Otto Ortmann na Amurka ya auna motsin hannun makaɗa da kayan gwaji. Duk da haka ciwon bai ƙare ba. A shekarar 1964 yatsu biyu na hannun dama na Leon Fleisher, ɗaya daga cikin manyan makaɗan Amurka, suka fara nannaɗewa cikin tafinsa, ya shafe shekaru masu yawa yana kiɗa da hagu kaɗai, sai a 2004 ya fitar da faifan da ya sa wa suna Two Hands, wato hannu biyu. Dorothy Taubman, wadda ta rasu a 2013, ta ƙare rayuwarta a birnin New York tana sake koya wa makaɗan da suka ji rauni yadda yatsa da tafi da sangali za su tafi tare a matsayin abu guda.

Ginshiƙin abin da suka tsaya a kai bai da wuyar faɗi. Hannun mutum, daga kafaɗa zuwa yatsu, ya kai kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato wajen kilo 3 ga mai kilo 60. Madannin fiyanon katako kuwa kimanin giram 50 yake buƙata ya sauka. Ke nan nauyin da ake nema yana nan tun asali, aikin makaɗi ya saki gwargwadon buƙata, ya bar manyan gaɓoɓi su kai yatsa inda za shi. Sangali yana da ƙasusuwa biyu, ɗaya yana juyawa a kan ɗaya, kamar lokacin murɗa makulli a ƙofa, kuma wannan juyi ya fi ɗaga yatsa sauri da sauƙi. Kafin mutum ya iya wannan, sai ya iya jin inda gaɓoɓinsa suke da irin ƙarfin da ke cikinsu ba tare da ya duba ba. Wannan ji ne masanin jijiyoyi Charles Sherrington ya ware ya ba shi suna na kansa a shekarar 1906. Shi ne ke sa mutum ya kai loma baki cikin duhu.

Abin da Harshe Ya Ajiye

Idan aka nemi wannan ji a cikin Hausa, abin da ake fara cin karo da shi azaba ce. Wanda aka ce yana jin jiki, ciwo ya ci ƙarfinsa. Wanda aka ce ya ji a jikinsa, duka ya sha ko wahala. Karin maganar nan ta jiki magayi, wadda John Tafida da Rupert East suka sa wa littafinsu suna da ita a shekarun 1930, gargaɗi ce ga wanda ya ƙi ji da kunne, haka kuma jiki ya fi kunne ji. A duk waɗannan, jiki yana magana ne bayan ɓarna ta auku. Ga kuma tarbiyyar dauriya, wadda ke koya wa ɗa namiji cewa faɗin ciwo ragwanci ne. Ita ce ta sa saurayin ya yi dariya a wurin mai shayi.

Amma harshen yana da wata taska ta daban, wadda masu sana'a suka fi amfani da ita. Ya bambanta sakin jiki da mutuwar jiki: na farko natsuwa ce mai shirin motsi, na biyu kasala. Wannan shi ne bambancin da malaman fiyano ke shan wahalar fahimtar da ɗalibansu, domin wanda aka ce ya saki yakan zube. Ya san sagewa da ƙagewa. Yana cewa aiki ya shiga jiki, ko ya zama jiki. Fiye da duka, idan mai koyon ɗinki ko ƙira ko rubutun allo ya ƙware, Bahaushe yakan ce hannunsa ya faɗa. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin adon magana kawai. Wanda ya dafa damtsen tsohon makaɗi yana kiɗa, ko ya kalli taɓarya a hannun tsohuwa, zai yi zaton waɗanda suka fara faɗar haka abin da idonsu ya gani suka siffanta.

Nazarin kiɗan Hausa ya yi nisa ta wasu fuskoki. Ames da King, a ƙamus ɗinsu na 1971, sun tattara sunayen kayan kiɗa da sassansu da lokutan amfani da su. Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka ta fuskar turke da salo da tsari. An yi kundaye masu yawa a kan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne jikin mutumin da ke bayan mawaƙi, wanda ke tsaye da kalangu tun daga farkon dare har ƙarshensa. Tun a 1934 Marcel Mauss na Faransa ya nuna cewa tafiya da iyo da haƙa da zama duk dabaru ne da kowace al'umma ke koya wa 'ya'yanta. Dabarun jikin makaɗan Hausa suna cikin wannan sahu, sai dai ba sa shiga rikoda, ba sa kuma fitowa a hira, domin mai su ba ya ɗaukar su a matsayin abin faɗi.

Wannan ba ya nufin gargajiya ba ta da nata rauni. Kafaɗar hagu ta tsohon ta sauka ƙasa da ta dama saboda shekarun maratayi, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Shi da kansa ya lissafa abokan tasowarsa da suka bar kiɗa tun da ƙuruciya saboda hannu ko baya. Waɗanda suka kai tsufa suna kiɗa su ne waɗanda suka dace da hanya, kuma daga gare su ne ake da abin ɗauka. Haka kuma kalangu ba fiyano ba ne. Tsohon bai san abin da za a yi da yatsu goma a kan madannai ba, bai kuma yi da'awar ya sani ba. Abin da ya bayar shi ne inda motsi ke farawa, da lokacin saki, da yadda ake sauraro.

Komawa Maƙarfi

Saurayin ya cika mako shidan. A cikinsu waƙoƙin zaɓe suka koma wasu shaguna, har da na mutanen da ya ɗauka nasa ne. Ya je gidan surukansa da kawun nasa, aka rage wasu kaya daga lefe. Mai bin sa bashin fiyano ya ƙara masa wata biyu bayan doguwar magana.

Da ya koma aiki, kafinta ya fara nema. Aka yanke ƙafafun teburin, aka yi masa kujera wadda in ya zauna gwiwar hannunsa take daidai da madannai, tafin ƙafarsa a ƙasa. Ya matsa baya har hannunsa ya samu wurin wucewa ta gaban cikinsa. Kowace safiya yakan yi rabin awa yana buga fiyanon a kashe, sauti ɗaya bayan ɗaya, yana barin hannu ya sauka daga kafaɗa, yana saki da zarar madanni ya kai ƙasa. Gudun da ya saba yi da ɗaga yatsu ya mayar da shi juyin sangali. Da farko kiɗansa ya lalace, ya koma kamar na ɗan koyo, har wani mawaƙi ya tambaye shi ko ciwon ya taɓa kansa ne. Wata uku ya yi a haka kafin gudun ya dawo, kuma da ya dawo ya fi na da tsabta.

Bayan ƙaramar salla, mako biyu kafin nasa auren, ya yi kiɗan wani biki a Ikara na tsawon awa huɗu. Tsakanin waƙa da waƙa yakan sauke hannayensa su rataya, ya ja numfashi, mutane suna zaton jiran mawaƙi yake yi. A daren ya yi barci har asuba.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Lokacin hunturu, ko in aiki ya taru, yatsun sukan yi masa gargaɗi. Sai dai yanzu akwai alamun da ke riga su zuwa, kuma ya san su: muƙamuƙi ya fara ɗaurewa, numfashi ya tsaya a ƙirji, kafaɗar dama ta fara hawa. In ya ji ɗaya daga ciki yakan tashi ya fita waje, ko da janareta na ci. Akwai wani yaro ɗan makarantar sakandare da ke zuwa koyo a wurinsa. Makon farko bai bar shi ya kunna fiyanon ba.

A ƙauyen kusa da Hunƙuyi kuwa, 'ya'yan tsohon babu wanda ya ɗauki kalangu. Ɗaya yana acaɓa a Zariya, ɗaya yana sayar da kayan waya. Mahautan kasuwa sun rage kiran makaɗi, wasunsu lasifika suke kunnawa. Saurayin yakan je duk bayan 'yan makonni da goro da sukari, ya roƙi kawunsa ya rataya kalangu, shi kuma ya ɗauke shi bidiyo da waya. Yakan tsaya ta baya ne, ya sa tsohon ya tuɓe riga, ya ɗauki allon kafaɗa da gwiwar hannu da dunduniya. A zuwansa na baya-bayan nan tsohon ya waiwayo yana cikin kiɗa, hannunsa bai tsaya ba.

"Kai ɗan nan, fuskar tawa ce ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Kawu. Ci gaba, saura hagun."